Daga Motar Langa-langa Zuwa Filin Tsere: Masu Tseren Mota Don Sha'awa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kusugu, ko wata unguwa ta cikin garin Daura, da wuya a ce bai taɓa tuƙa mota ba. Ina nufin motar kara ko ta langa-langa, wadda ake yanko wa tayoyi daga tsohon silifas, a ɗaura mata dogon sitiyari, a bi lungu da ita a guje baki yana kukan inji. In an haɗu mutum uku ko huɗu sai a ja layi a ƙasa, a ce wanda ya riga kaiwa gindin bishiyar can shi ya ci. Wanda ya ci ba ya samun ko kwabo, sai dai bakin magana har zuwa gobe.

To, akwai manyan mutane a duniya, masu iyali, malaman makaranta da kanikawa da likitoci da 'yan kasuwa, waɗanda har yau wannan wasan suke yi. Sai dai tasu motar tana da injin gaske, tana gudun da ya haura kilomita 150 a awa, kuma a cikin killataccen fili suke yi. Ba a biyansu, su ne ma ke biya. Litinin zuwa Juma'a suna wurin aiki, Asabar da Lahadi suna filin tsere. A talabijin dai Formula 1 muke gani, inda direbobi 'yan ƙalilan ke karɓar miliyoyi, amma mafi yawan masu tseren mota a duniya irin waɗannan 'yan sha'awar ne.

Mutumin Daura ba baƙo ba ne ga wannan hali. Mahayin da ke kashe kuɗinsa kan dusa da harawa da kanwa shekara guda cur, don ya fito a Hawan Sallah ko na Gani ya yi sukuwa ya ja linzami a gaban Sarki, shi ma ba albashi yake nema ba. Tarihin garin ma da doki ya faro: labarin da ake ba mu ya ce a kan doki Bayajidda ya iso, ya nemi ruwa, aka ce masa macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a.

Mota ce, amma ba irin ta kan titi ba

Motar da muke magana a kai kujera ɗaya gare ta, a tsakiya. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta da fitilar gaba, kuma tayoyinta huɗu a waje suke, babu abin da ya rufe su. Direba ta sama yake zurawa ciki kamar mai shiga kwalekwale, ya kishingiɗa, ƙafafunsa a miƙe gaba, mazauninsa bai fi 'yan yatsu tsakaninsa da kwalta ba. An yi ta ƙasa-ƙasa ne don kada ta kife a kwana, an kuma rage mata nauyi don ta tashi da sauri ta tsaya da sauri. Injin yana bayan direba.

Kalmar Formula da kuke ji tana nufin ƙa'ida ce: girman inji kaza, nauyi kaza, irin taya kaza. Duk motar da za ta shiga wani aji sai ta bi ƙa'idar wannan ajin. Formula 1 ita ce ƙololuwa, a ƙarƙashinta akwai Formula 2 da Formula 3 da Formula 4, waɗanda matasa masu neman zama ƙwararru ke hawa kamar tsani. Ana iya shiga Formula 4 daga shekara 15, amma kakar wasa ɗaya a Turai tana cin dubban ɗaruruwan fam, shi ya sa sai ɗan mai hali ko wanda wani kamfani ya ɗauki nauyinsa.

Ajin da ya fi burge ni shi ne na talaka, wato Formula Vee. A Amurka aka faro shi a farkon shekarun 1960, da wata dabara mai sauƙi: a ɗauko inji da giya da ƙafafun gaba na Volkswagen Beetle, motar nan mai ƙusumbi kamar kunkuru, a ɗora su kan firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda. Ku tambayi kakanninku wannan mota, sun san ta sarai, domin an riƙa harhaɗa ta a Legas tun daga 1975. Injinta ba ya amfani da ruwa, iska ce ke sanyaya shi, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa zai iya kwance shi ya mayar. Tunda kowa kusan inji iri ɗaya yake da shi, kuɗi ba ya saya wa mutum nasara kai tsaye, sai iya tuƙi da iya saiti. Niki Lauda da Emerson Fittipaldi da Keke Rosberg, waɗanda duk suka zama zakarun duniya a Formula 1, sun bi ta wannan ajin. Har yau ana yin sa a Birtaniya, inda ƙungiyar 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939, ke shirya gasar, ana kuma yin sa a Afirka ta Kudu. Tsohuwar motar Formula Vee 'yan dubban fam ce. Da kuɗinmu ba ƙaramin abu ba ne, amma a can ma'aikaci mai tattali yana iya tarawa ya saya.

Akwai kuma Formula Ford, da aka fara a filin Brands Hatch na Ingila a 1967. A nan Ayrton Senna na Brazil ya fara nuna kansa a 1981.

Kafin a bar ka ka shiga fili

Ba a tashi haka kawai a shiga tsere. A Birtaniya sai mutum ya ci jarrabawa kafin hukumar wasan ta ba shi lasisin tsere, wanda daban yake da lasisin tuƙi a titi. Jarrabawar kashi biyu ce: ta rubutu, da ta tuƙi tare da malami a gefe. Malamin ba gudu yake dubawa ba, yana duba natsuwa ne, da ko mutum yana kallon madubi, da ko ya san inda ya kamata ya ajiye motarsa. Bayan an ci ma, sabon shiga sai ya manna wata alama a bayan motarsa, baƙin giciye a kan ruwan ɗorawa, har sai ya kammala tsere shida lami lafiya an sa masa hannu. Alamar tana gaya wa na bayansa cewa wannan ɗan koyo ne, a yi hattara.

Babban abin da ke cikin jarrabawar rubutu shi ne tutoci, domin a cikin ƙarar inji da hular kwano ba a jin magana, da tuta ake zance. Ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, rage gudu, kuma haramun ne ka wuce wani. Ja na nufin an tsayar da tseren baki ɗaya. Kore, hanya ta gyaru. Shuɗiya, wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Mai ratsin ja da ɗorawa, akwai santsi, wataƙila mai ya zube. Baƙa kuwa ita ce ta kunya: an kira lambarka, ka fito daga fili ka zo ka yi bayani. Mai ɗigon baƙi da fari kamar allon dara ita ce ta ƙarshe, wadda kowa ke son ya riga ganinta. Masu kaɗa waɗannan tutoci, masu tsayawa a rana da ruwan sama da tukunyar kashe gobara a gefensu, mafi yawansu 'yan sa-kai ne, har a manyan gasa.

Ranar tsere ɗan sha'awa kan tashi da asuba, ya ɗora motar a tirela ya ja ta zuwa fili, sau da yawa shi da ƙaninsa ko abokinsa ko matarsa su ne duk ma'aikatansa. Da farko masu bincike za su duba motar: birki, bel, hular kwano, rigar da ba ta kama wuta, na'urar kashe gobara. In abu ɗaya ya gaza, an gama, sai a koma gida. Daga nan sai zagayen gwaji, inda ake ɗaukar lokacin kowa, wanda ya fi sauri ya tsaya a sahun gaba. Tseren kansa sau da yawa bai wuce minti 15 ko 20 ba. Mutum ya kwana bakwai yana ɗaurin ƙusa saboda wannan ɗan lokacin.

Sirrin yana kwana

Yawancin masu kallo suna zaton tsere shi ne taka totur har ƙasa. Wannan kowa ya iya. A miƙaƙƙiyar hanya motoci masu inji iri ɗaya kusan gudu ɗaya suke yi. A kwana ake cin tsere, a kwana kuma ake faɗuwa.

Ku ɗauki kwana mai karyawa dama. Direban da ya san aiki ba ya bin gefen dama tun daga nesa. Yana zuwa ne ta can gefen hagu, ya taka birki tun motar tana miƙe, sannan ya karya ya shafi gefen ciki a tsakiyar kwanar, ya bar motar ta sake fita gefen hagu. Waje, ciki, waje. Da haka ya mayar da kwana mai tsini ta zama mai faɗi, kuma kwana mai faɗi ana iya shan ta da gudu mafi yawa. Mahayin da ya taɓa juya doki a guje ya san wannan ko da bai taɓa jin bayaninsa ba.

Dalilin taka birki tun kafin a karya shi ne taya. Duk motar, da injinta da direbanta, a kan wurare huɗu take tsaye, kowanne bai fi tafin hannu ba. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana da iyaka, kamar kuɗin tara ne a aljihu: in ka kashe shi duka a birki, babu saura na juyawa. Wanda ya danne birki iya ƙarfi kuma ya murɗa sitiyari a lokaci ɗaya, motar ba za ta saurare shi ba, gaba za ta zarce. Haka kuma nauyin mota yana yawo. In an taka birki ya koma gaba, bayan ya yi sakayau; in an taka totur ya koma baya. Direban kirki da jikinsa yake jin wannan, ta kujera da tafin hannu, shi ya sa hannunsa da ƙafarsa ba sa fizga.

Sai kuma fita daga kwana, wadda ta fi shiga muhimmanci. Wanda ya shiga a natse ya fita da gudu zai riƙe wannan ribar har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaba. Wanda ya shiga da hauka sai ya ɓata lokaci yana kokawa da sitiyari. Ga lissafin: a ce abokin karawarka ya fi ka da rabin daƙiƙa kacal a kowane zagaye. A zagaye 12 ya ba ka daƙiƙa 6. In matsakaicin gudunku kilomita 120 ne a awa, wato kusan mita 33 a daƙiƙa, to ya tsere maka da mita 200, kusan tsawon filin ƙwallo biyu.

Manyan motoci irin na Formula 4 zuwa sama suna da fuka-fuki gaba da baya. Irin na jirgin sama ne aka kifa: na jirgi yana ɗaga shi sama, na mota yana danne ta ƙasa don taya ta ƙara riƙo. Formula Vee da Formula Ford ba su da su. A can dabarar ita ce laɓewa a bayan na gaba, shi yana tsaga iska kai kana hutawa a inuwarsa, sai an kusa kwana ka fito ka wuce.

Wannan ba shi ne wasan mota ba

Dole in tsaya a nan, domin na san abin da wasu ke rayawa. A garuruwanmu, ranar ɗaurin aure ko ranar kammala makaranta, akan ga samari suna juya mota ana ƙura, ko suna ɗaga kan babur a tsakiyar jama'a, yara sun yi da'ira suna ihu. Wasu na kiran wannan gwaninta. A filin tsere na gaske, wanda ya yi haka baƙar tuta zai gani, wataƙila ma a karɓe lasisinsa.

Ku duba abin da ke kewaye da direban tsere. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tahowa ta gaba. Babu akuya, babu mai talla, babu yaron da zai gifta. A bakin kwana an bar fili ko an zuba tsakuwa don ta tsayar da motar da ta kuɓuce, bayan nan ga tarin tayoyi. 'Yan kallo suna bayan shinge. Motar asibiti tana tsaye tun safe. Shi kansa direban yana ɗaure da bel mai harshe biyar ko shida, da hular kwano, da wani abin wuya da ke hana kai fizgewa gaba in an yi karo, ga baka na ƙarfe a bayan kansa ko da motar za ta kife. Tun 2018 motocin Formula 1 suna da wata kariya ta ƙarfen titaniyom a kewayen kan direba, ana kiranta halo. A watan Nuwamban 2020 a Baharain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya yi kusan rabin minti a cikin wutar, ya fito da ƙafarsa, ƙuna kawai ya samu a hannu. Kayan kariyar nan ne sanadi. Saurayin da ke juya motar babansa a bakin titi da jallabiya da silifas ba shi da ko ɗaya daga ciki, yaran da suka kewaye shi ma haka.

Kuma lissafi ba ya sassauci. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta kai kan birki. A Najeriya ma doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18.

To mu ina hanyarmu?

Babu filin tseren mota a Daura. A ƙasar ma abin bai yi ƙarfi ba, ko da yake akwai wani fili a Evbuobanosa ta Jihar Edo inda masu sha'awa suka riƙa karawa, akwai kuma ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria da ke cikin hukumar wasan ta duniya, FIA. Nahiyar Afirka baki ɗaya rabonta da Formula 1 tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. A watan Disamban 2024, lokacin da FIA ta yi babban taronta a Kigali, Ruwanda ta bayyana cewa tana neman a kawo mata gasar.

Kusan duk ƙwararrun yau da gokat suka fara, wata 'yar mitsitsiyar mota marar bodi da yara ke tsere da ita. Lewis Hamilton, zakaran duniya sau bakwai, yana ɗan shekara 8 ya fara, mahaifinsa yana haɗa ayyuka da yawa don ya biya, shi ne kuma bakanikensa. Ugo Ugochukwu, wanda aka haifa a New York a 2007, mahaifiyarsa 'yar Najeriya mahaifinsa ɗan Italiya, shi ma ta nan ya bi: ya ci gasar gokat ta matasan Turai a 2020, kamfanin McLaren ya ɗauke shi a 2021, ya ci babban tseren Makau a 2024. Da tutar Amurka yake tsere, kuma a can ya samu filayen da ya koya.

Wani ya shigo ta ƙofar da ba a zata ba. Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya, a wasan kwamfuta na Gran Turismo ya ƙware. A 2011 ya ci wata gasa ta masu wannan wasan, aka koya masa tuƙin motar gaske, a 2013 ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Ba ina cewa ku bar karatu ku rungumi gem ba, domin cikin dubbai shi aka zaɓa. Amma wasan tsere mai kyau yana koyar da layin kwana da wurin taka birki, kuma wanda ya yi karo a can ba ya zuwa asibiti. 'Yan mata ma kada su ce ba da su ake ba: Lella Lombardi 'yar Italiya ta samu maki a Formula 1 tun 1975, kuma a 2023 aka buɗe gasar F1 Academy ta mata zalla.

Ƙofar da na ga ta fi kusa da ɗalibin Daura ita ce ta ƙira. Tun 1981 ɗaliban jami'o'in Amurka ke gasar ƙera motar tsere mai kujera ɗaya da hannunsu, su kuma tuƙa ta da kansu. Birtaniya ta fara irin tata a 1998, ana kiranta Formula Student, kuma ƙungiyoyi daga ƙasashe da yawa kan hallara a filin Silverstone. A nan ba gudu kaɗai ake dubawa ba, har da zane da lissafin kuɗin da aka kashe. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun taɓa ƙera ƙaramar mota don gasar Shell Eco-marathon, inda wanda ya fi nisa da ɗan mai kaɗan shi ke ci. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, daga zanen motoci a takarda ya kai ga zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a nan Daura. Motar Formula Vee bututun ƙarfe ce da walda da tsohon inji, kuma babu ɗaya cikin ukun nan da ya gagari garejin garinmu. Abin da ake buƙata a ƙara shi ne wanda ya iya lissafin inda nauyi zai zauna da irin ƙarfin da firam zai ɗauka, wato abin da ake farawa a ajin Fizis da Lissafi da Zanen Fasaha.

Ga ɗan aiki kafin fitowa ta gaba. Wata mota tana gudun kilomita 40 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya bayan mita 8. Mita nawa za ta ci in tana gudun 80? In 120 fa? Ku yi lissafin, ku nuna wa malaminku na Fizis, sannan ku auna wannan nisan da taku a filin makaranta, ku ga inda zai kai.